Kukan Bangon Inna

Kafin a kawo hanyar mota, ruwan sama bai taɓa kwana a unguwarmu ba. 'Yan gidaje ne a bakin tafki, can gefen Kutemeshi, daji yana bayanmu. In an yi ruwa sai ya gangaro daga dajin, ya bi wani kwari ta tsakanin gidaje ya faɗa tafki. Kowace bazara maza su fito da fatanyu su share masa kwarin, shi ke nan a zauna lafiya.

Sai Turawa suka ce hanya za ta bi tsakaninmu da tafkin. Aka tara mutane aikin dole, aka yi ta jibga marmara har hanyar ta kai ƙugun mutum. A bakin kwarin aka sa kwalbati guda, wanda ko akuya mai ciki ba za ta ratsa ba. Dattawa suka ce ya yi kaɗan, shugaban leburori ya ce haka aka auna. Ban daɗe da tarewa ba lokacin, ba ni da bakin magana, amma na ce a raina wanda ya auna ba a nan zai yi damina ba.

Ramin da ake ɗibar ƙasar gini ma masu hanya suka cinye shi. A ranin nan maigidana ya so ya yi wa mahaifiyarsa sabon ɗaki. Da ya rasa ƙasa, sai ya yanko busasshiyar laka curi-curi daga inda tafki ya janye, ya jera ya yaɓe, ya ɗora jinka. Tun kaka da kakanni ba a gini da ƙasar tafki, amma in ka tambayi dalili sai a ce ba kyau, iyakar amsar ke nan.

Inna nake kiran surukata. Idonta ya riga ya tafi. Ta yi haihuwa da yawa, duk sun koma tun suna goye, ɗan farinta kaɗai ya tsaya mata, kuma ko sunansa ba ta kamawa saboda kunya.

Da marka ta kankama, kara da ganye suka toshe kwalbatin. Jan ruwa ya taru a bayan hanya, ya cika tsakar gidaje, ya fara cin gindin bango. Maza suka yi ta zura gora, a banza. Wasu suka ce a fasa hanyar. Mai unguwa ya ce duk wanda ya taɓa hanyar Bature sai gidan yari, shi kuma ba zai rufa wa kowa asiri ba.

Da hantsi na kai wa Inna koko, ruwa ya wuce idon sawuna. Na same ta zaune kan gado ta manna kunne a bango. Ta ɗaga mini hannu in yi shiru. Sai na ji wani ɗan kuka siriri, kamar na jaririn da aka lulluɓe da zane, yana fitowa daga cikin bangon. Wani kukan ya amsa daga bangon wajen ƙofa. Tsigar jikina ta tashi. Na dafa bangon, sai na ji abu ya motsa a ƙarƙashin tafin hannuna.

"Yarana ne," in ji ta. "Sun gano inda nake."

Maigida ya roƙe ta ta fito, ta ƙi. Ya ce zai goya ta, ta ce in ya taɓa ta ba ta yafe ba. Ga jinka ta fara karkacewa. Ko dai ruwan ya tafi, ko ɗakin ya rufta mata.

Maigida ya ɗauki diga ya hau hanya da rana tsaka. Mazan unguwa suka tsaya suna kallo, babu wanda ya taya shi, babu wanda ya hana shi. Har yau in na tuna tsayuwar nan tasu haushi nake ji. Wajen la'asar marmarar ta buɗe, ruwa ya kwasa da ƙugi, ya ƙarasa sauran aikin da kansa.

Ruwan na janyewa, gindin bangon Inna ya ɓantare, wani abu baƙi mai santsi ya faɗo. Gaiwa ce, kifin nan da ke shigewa laka ya yi barci duk rani har ruwa ya tashe shi. Sai ga wata, sai ga wata. Suka yi ta jan ciki ta bakin ƙofa, suka bi ragowar ruwa ta inda aka fasa har tafki. Mutanen da ba sa barin kifi ya wuce su, ranar babu wanda ya miƙa hannu. Na gani da idona kifi ne, amma tsoron bai sake ni ba.

Ɗaki ya tsira. Ba a jima ba 'yan doka suka zo, alƙali ya ɗaure maigidana. An ce har da shi cikin fursunonin da aka kora cike gurbin, wannan karon kuma aka sa kwalbati babba.

Na gaya wa Inna gaiwa ce, ta ce ta ji. Amma ta hana a toshe ramukan da suka bari a bango, kullum hannunta na cikinsu. Ba ta taɓa tambayata yaushe ɗanta zai dawo ba, ba abin da za ta iya tambaya ba ne. Sai dai kowace safiya ta sa in ɗebo ruwa a ƙwarya in zuba wa gindin bangon, mu yi tsit mu biyu muna saurare. Ran da rashin lafiyarta ya yi tsanani ma haka aka yi. Na zuba, ba mu ji komai ba, na juya zan fita.

"'Yar nan, ƙara kaɗan," in ji ta. "Ko ɗaya ya rage mini."