Ranar da Hannun Sau-ɗaya Ya Ƙi

A ɗakin yara na asibitin, in ka ce Sau-ɗaya, har mai shara ya san wadda kake nufi. Ba sunan yanka ba ne, aiki ne ya jawo mata. Jariri ko ya bushe ƙayau saboda gudawa, jijiyoyinsa duk sun ɓuya, in ta kama ɗan hannun ta shafa da babban yatsa, sau ɗaya take soka allurar ƙarin ruwa ta zauna. 'Yar tela ce. Tun ba ta kai tsawon keken ɗinki ba ita ke zura wa babanta zare, ta tashi da ido da hannun da ba sa kuskure, ta kawo su aikin jinya shekara goma sha shida da suka wuce.

To amma baiwar Allahn nan ba ta san zama ba. A tsaye take cin abinci, a tsaye take rubutu, tafiyarta kuwa sai ka ce an biyo ta. Ranar hutunta waya za ta yi ƙara, a ce an kawo wani jariri an rasa jijiya, kafin a ajiye wayar ta zura takalmi. Maigidanta, malamin makaranta ne mai son zolaya, yakan ce shi asibiti ya aura, ita aro ake ba shi. 'Yarta kuma ta ce, "Mama, don Allah ki zauna mana, kina sa ni jiri." Shekara huɗu rabonta da hutun shekara. Duk sanda Babbar Sista, shugabar ɗakin, ta yi mata maganar, amsarta ɗaya ce: "In na tafi wa zai sa musu?"

Kada kuma a ce duk tausayi ne, ni ban yarda ba. Akwai daɗin a neme ka. In ta shigo ɗakin aka dare mata hanya, iyaye mata suna cewa ga ta nan, ga ta nan, wani sanyi take ji a ranta wanda ko albashi bai ba ta.

Jiki magayi. Da kofin shayi abin ya fara, ta ga yana karkarwa a hannunta ta ce yunwa ce. Sai wuya ya riƙe, barci ya zama na kaza, ta fara yi wa iyayen yara tsawa a kan abin da bai kai ya kawo ba, daga baya ta shige ɗakin magani tana jin kunyar kanta. Babban yatsan dama ya koyi wata 'yar rawa da ba ya neman izini. Ta shiga ɓoye hannun a aljihu. Ta san sarai in Babbar Sista ta gani, teburin yankan kati za a mayar da ita, ita kuwa gara a kore ta da ta zauna tana tambayar mutane shekarunsu. Tsoro take ji, tsoro sosai, kuma ba ta faɗa wa kowa ba.

Ranar wata Talata da hantsi ɗakin ya cika maƙil, gadaje ashirin yara ashirin da bakwai. Likita yana ɗakin tiyata. Wata mata ta faɗo da gudu, ɗankwali a hannu, da jaririya 'yar wata bakwai. Idanu sun zurma, maɗiga ta faɗa, ko kuka ba ta iya yi. In ruwa bai shiga jikinta da wuri ba, sai dai wani zancen.

Sau-ɗaya ta ɗaure ɗan hannun da roba, ta shafa, ta ga jijiyar siririya kamar zare. Ta soka. Yatsan ya yi rawarsa, jijiyar ta fashe, wurin ya kumbura. Ta koma ɗaya hannun, zufa na bin bayanta, ta cije leɓe ta sake sokawa. Nan ma haka.

Uwar ta ce, "Sista, ai an ce ke sau ɗaya kike yi."

Saura ƙafa. Jijiya guda ce mai kyau a gefen idon sawun, ta gan ta, kuma ta san in ita ma ta fashe sai an jira likita, yarinyar kuwa ba ta da lokacin jira. Zuciya na ce mata sake, ai na ukun zai shiga, wa ya isa in ba ke ba? Ta dubi yatsan. Yana rawa har ana gani.

Ta juya wajen Mai Tabarau, abokiyar aikinta da ke riƙe da tiren kaya, ta miƙa mata sabuwar allura. "Karɓi."

"Ni, Yaya?"

"A'a, bangon da ke bayanki. Karɓi, na ce!"

Ba a fafe gora ranar tafiya, amma ranar dole aka fafe. Sau-ɗaya ta tallabe ƙafar da hannun hagu tana magana ƙasa-ƙasa: kwantar da allurar, ƙara kwantarwa, kada ki kalli uwar, kalli nan, a hankali, tsaya. Mai Tabarau ta tura allurar yadda aka ce mata. Sai ga ɗigon jini ya leƙo a gindin allurar. Aka manna filasta, aka buɗe ruwa, ya fara ɗiga ɗis, ɗis. Uwar ta zube ƙasa tana godiya, ba ta ma san wa take yi wa ba.

A wajen wanke hannu Sau-ɗaya ta huce haushinta a kan wadda ke kusa, kamar yadda ta saba kwanan nan. "Shekara tara kina ɗakin nan, a ba ki allura ki tsaya kina cewa wai 'Ni, Yaya?' Ko ɗaliba ai ta fi haka."

Mai Tabarau ta cire tabaran ta goge a rigarta. Ba ta ɗaga murya ba. "Yau ne na farko, Yaya. Ban taɓa sa wa jariri ba. Kullum na ɗauko tire sai ki ce kawo, ba lokaci."

Maganar ta shige ta fiye da zagi. Ta waiga cikin ɗakin tana duban abokan aikinta ɗaya bayan ɗaya, su biyar, duk sun daɗe, duk masu hannu biyu da ido biyu. Ta nemi rana guda da ta taɓa tsayawa ta bar wata a cikinsu ta gwada, ta rasa. Ashe ita ce ta mayar da ɗakin nan mai hannu ɗaya, ta kashe kanta da aiki, ta kuma bar yaran mutane a kan yatsan da yau ya ƙi.

Ba ta gama goge hannu ba aka turo ƙofa. Wani uba ne da yaro a kafaɗa, yana haki. "Ina Sista Sau-ɗaya? Ita aka ce in nema!"

Ƙafarta har ta ɗaga da kanta. Ta tsayar da ita. Babbar Sista na tsaye a bakin ofishinta, kowa na ji, Sau-ɗaya ta ce wa mutumin, "Ni ce, amma hannuna ba ya yi yanzu, na gaji." Sannan ta dubi wadda ke canja zanin gado na uku. "Ke, bar wannan. Sa safar hannu ki zo, ina tsaye a bayanki."