Fitilar da Ta San Kwana

Daga Dutse Alhaji

A shekarun da kuɗi suka ɗan zauna a hannun mutane na sayi mota 'yar Kwatano. Dillalin ya ce fitilarta tana karanta taswirar hanya, kafin ka kai kwana ta riga ta juya ta haska maka. Ban bar kowa ya huta da wannan labari ba, har mai shayin layinmu ya laƙaba mini Oga Kwana.

Da ita na tafi ƙauyenmu, can bayan Jere, ɗauko Inna mahaifiyata. Na biya mata kujerar Makka ta Abuja, an ce maniyyata su hallara a sansanin alhazai washegari da hantsi, jirgi ba ya jiran kowa. Da rana tsaka na je, ina ta jin daɗin sabuwar kwalta, ban ko lura an sake wa hanyar fasali ba.

A gida

'Yan sallama suka riƙe Inna har bayan isha, dole sai sammako. Ita kuwa tun da mota ta kife da ƙaninta a wata kwana cikin dare ba ta yarda da tafiyar duhu.

"Inna, wannan motar idanu gare ta," na ce. "Ta san kwana tun kafin mu kai."

"Wa ya gaya mata?"

"Turawa."

Ta dube ni. Da lokacin tafiya ya yi, ta ɗauki carbinta ta shiga kujerar baya.

Hanyar Bwari

Muka tashi tun kafin kiran assalatu. Kwana ta farko fitila ta juya, ta biyu ma haka, ni kuwa kowace sai na yi gyaran murya. A shingen 'yan sanda wani kofur ya leƙo ya ce, "Oga, wannan mota naka yana harara na." Na tsaya na yi masa bayani dalla-dalla, bai tambaye ni ba.

Gaba kaɗan fitila ta karkata hagu. Kwalta ta miƙe sak, amma na fi yarda da fitila a kan idona, na bi ta. Sai ji na yi mun yi tsalle, ciyawa tana dukan gilashi, mota ta zauna daram a gonar doya. Inna ba ta yi ihu ba, salati kawai take yi a hankali, kuma wannan ya fi ihu tayar mini da hankali. Kunya da tsoro suka rufe ni. Tsohuwar da ta shekara tana jiran wannan rana, ga ta a cikin doya saboda bakina.

Gari ya fara wayewa mai gonar ya iso, wani dattijo Bagwari da fartanya a kafaɗa. Ya zagaya motar ya ce, "Oga, wannan hanya ya mutu tun bara. Kamfani ya yi sabo, ni na shuka doya a tsoho."

Ashe taswirar da ke cikin motar tsohuwa ce. Ya kirawo maƙwabtansa suka tura mu kan kwalta. Na ciro kuɗin doyar da na tattake, da ya ji Makka Inna za ta sai ya ƙi karɓa. "Mama ya yi mana addu'a a can," in ji shi.

Sansani, da komawa

Muka iso ana kiran sunaye, ni da taɓo har gwiwa. Inna ta shiga layi. Na koma gida Dutse Alhaji ina hamdala, a zuciyata ina gode wa dattijon nan da ban ko tambayi sunansa ba.

Da ta dawo daga Makka aka raba tsaraba, wannan dabino, wancan jallabiya. Ni ta miƙo mini tocila a gaban kowa.

"Riƙe, Oga Kwana," ta ce. "Wannan inda ka duba nan take haskawa."