Ƙasa a Goshin Baba

A shekara ta biyu ta fari, lokacin da rumbunanmu suka koma ɗakin kwanan ɓeraye, jiri ya kama mahaifina. Shi ne limamin ƙauyenmu, can gefen Makoda, tun kafin a haife ni. Ni kuwa na gama takaba ke nan na dawo gida, ba ni da komai sai akuya ɗaya da bakina, wanda kowa ya san ba ya shiru.

Jirin nan ba ya zuwa sai Baba ya kai goshi ƙasa. Yana tafiya lafiya, yana noma lafiya, amma da ya yi sujada sai duniya ta juya masa. Sau uku yana kifewa a gaban sahu. A na ukun aka riƙo shi zuwa gida, rawaninsa a hannun ladan.

Daga nan magana ta tashi a bakin rijiya. Ciwon da ba ya taɓa mutum sai a sujada, ai ba na asibiti ba ne, in ji su. Wasu suka ce iska ce mai ƙin salla. Wasu suka yi ƙasa da murya suka ce a bincika abin da Malam ya aikata, tunda ga ruwa ma ya ƙi sauka. Wannan ta ƙarshen ita ta ƙona min rai, har yau ban huce ba. Aka yi hayaƙi, aka sha rubutu, duk a banza. Wata huɗu Baba yana salla a zaune cikin ɗaki, yana sunkuyar da kai kaɗan a madadin sujada, na'ibinsa na jan jama'a.

Na sayar da akuyar. Kawuna ya tare ni a zaure ya ce, "Ke, me likita ya sani game da iska? Za ki ƙara tona mana asiri a birni."

Na ce, "Kawu, asirin da aka tona a bakin rijiya, me ya rage a cikinsa?"

Muka hau motar gyaɗa zuwa Kano. Kwana biyu muna bin layi a asibiti kafin a tura mu wajen likitan kunne. Na so in yi faɗa, don mu ba kurumta ta kawo mu ba. Likitan, wani siriri mai furfura, ya ce in yi haƙuri, abin da ke tsayar da mutum daidai a kan ƙafafunsa can cikin kunne yake.

Ya sa Baba ya rufe ido ya yi ta taka ƙafa a wuri ɗaya. Sai ya kwantar da shi ya tsiyaya masa ruwan ɗumi a kunne. Kafin ka ce kwabo Baba ya damƙe gefen gado yana salati. Jirin ya zo. Likita ya ce shi ya kira shi da gangan, don ya ga ko kowane kunne na aiki. Na yi dariya a gaban mutane, ban ji kunya ba. Wane irin aljani ne ake kira da ruwan buta?

Da Baba ya huta, likita ya zaunar da shi, ya karkata masa kai dama, ya mayar da shi baya da sauri har kansa ya rataya a bakin gado.

"Zo ki duba idonsa," ya ce da ni.

Na leƙa. Ƙwayar idon Baba tana ta rawa ita kaɗai, sannan ta lafa. Likita ya ce wasu 'yan ƙananan tsakuwoyi ne a cikin kunnen dama suka bar mazauninsu, duk sanda ya sunkuya sai su gangara. Ya yi ta jujjuya kan Baba a hankali, gefe zuwa gefe, don su koma. Ya ce ya jira kwana biyu kafin ya gwada sujada.

Muka dawo muka tarar an tabbatar wa na'ibi limanci. Na so in fita in zazzage musu abin da ke cikina, Baba ya hana ni. A rana ta uku da azahar ya yi alwala, ya naɗa rawani, ya tafi masallaci ya shiga sahun gaba. Na hau turmi ina leƙe ta saman katanga, don rani ne, a waje ake salla. Na ga an bar masa fili dama da hagu, ana jiran ya faɗi.

Aka yi sujada. Aka ɗago, ya ɗago tare da kowa. Haka har raka'a huɗu.

Limancin bai dawo ba, bai kuma nema ba. Amma ranar ya shigo gida da ƙasa manne a goshinsa, fara fat. Na kai gefen zanena zan share masa, ya riƙe hannuna.

"Bar ta," ya ce. "Zan fita kasuwa."