Gardamar Shayin Safe a Irving Park

Shekarun farko da muka zo garin Greensboro, maigidana yana karatun digiri na uku, ni kuma na samu aikin kula da wasu tsofaffi, mata da miji 'yan Indiya, a unguwar Irving Park. Mijin likita ne da ya yi ritaya, ƙafa ta fara gagararsa. Matar 'yar guntuwa ce mai saurin magana. Baba da Mama nake ce musu.

Da na ajiye shayin safe, sai su tayar da gardamar da suka fara tun kafin a haife ni, kan wanda ya kori Turawa daga ƙasarsu. Baba yana bayan tsohon nan mai yafa farin zane, wanda ya hana mutane ɗaukar makami, ya yi ta azumi da shiga kurkuku, ya taka har bakin teku ya ɗebi gishirin da hukuma ta hana. Mama kuwa mutumin yankinsu take so, wanda ya sulale daga ƙasar ya tara soja a waje. Kawunta ya bi shi, bai dawo ba. Takan ce Bature tsoro kaɗai yake ji, ba kunya ba. Baba ya ce ai sojan ba su ci yaƙin ba, kuma a duba irin waɗanda ya haɗa kai da su. Nan Mama take ture faranti.

Da fari na zaci faɗa ne na gaske. Maigidana ya yi dariya, ya ce haka mahaifinsa da baffansa suke yi a zaure kan shugabannin Arewa na dā, kuma kwano ɗaya suke ci.

Daga baya shanyewar ɓarin jiki ta kama Baba, magana ta ɗauke. Gidan ya yi tsit. Wata safiya ina ba shi abinci da cokali, Mama ta jawo kujera ta fara yabon mutuminta. Ta tsaya kamar mai jiran amsa, sannan ta kaurara murya ta ba kanta amsar Baba, har da ɗaga yatsa yadda yake yi. Baba ya buga lafiyayyen hannunsa a kan tebur.

"Na tsallake wani abu ko?" ta tambaye shi. "To, gishirin. Wannan kam na bar maka."

Ya yi dariya da gefen baki ɗaya, na share masa haɓa.

Bayan rasuwarsa ɗansu ya zo ya tafi da Mama wata jihar. Ranar tafiya ta miƙo mini tukunyar da take dafa shinkafa, tana ta jaddada mini kada in cika ruwa. Har yau da ita nake dafa wa yarana shinkafar ranar Juma'a.