Ƙarar da Ke Cikin Jif ɗin Gudaji

Jama'a a gyara zama, mai hula ya dafe hularsa. Ga Gudaji Direba, Sarkin Yashin Gumel da kewaye, gwamnan hanyar Sule Tankarkar, wanda ba a naɗa ba balle a sauke. Karagar mulkinsa kujera ce da ta yage aka cusa mata tsohon buhu. Talakawansa kuwa awaki ne da buhunan gero da tsofaffin da har yau ba su yarda da kwalta ba.

Jif ɗinsa koriya ce a da. Yanzu in aka tambaye ka launinta, sai dai ka ce launin jif ɗin Gudaji. A gwanjo ya saye ta tun Turawa ba su gama ɗaure kayansu ba, bayan wani baturen dabbobi ya gama yawon allurar shanu da ita. Sitiyarinta a dama yake. Shekarar da aka yi canjin hannu direbobi suka yi ta ruɗewa a titi, shi ko a jikinsa, don hanyarsa ba ta da hagu ba ta da dama. Sawu biyu ne a cikin yashi, sai ƙaya.

Alhamis yana kasuwar Maigatari, sauran ranaku duk inda kasuwa ta ci. In jirgin Nguru zai tsaya a Gagarawa Tasha, can za ka gan shi yana jira. In an zo tudun yashin da manyan motoci ke haƙa wa kansu kabari, sai ya sauka ya rage wa tayoyi iska, ya ja ƙaramar giyar nan mai sa ƙafafu huɗu su ja tare, ta haye tana gurnani kamar raƙumin da aka yi wa lodi bai shirya ba. Ruwan lagireto sai ya tace da tsumma. Baƙin mai ba ya barin ya yi kauri. Tun da ya saye ta, ba wanda ya taɓa riƙe sitiyarin nan sai shi. Ita kuma ba ta taɓa kwana da shi a daji ba, ba ta taɓa sa shi roƙon a tura ba.

To, nan gizo ke saƙar, domin mota mai lafiya ba ta kai mutum gareji, kuma a Gumel majalisar direbobi gareji ce.

Matarsa Zuliha ta rasu shekarar da aka yi babban fari. 'Yarsu Lauratu tana aure a Nguru. In ya koma gida ya yi sallama, kaji ne ke amsawa. A mota kuwa, injin ba ya barin a ji maganar kowa, fasinja sai dai su taɓa kafaɗarsa su nuna inda za su sauka. Sa'anninsa na tasha wasu sun mutu, wasu sun bi ƙananan bas-bas ɗin nan kiya-kiya zuwa Kano. Saura mutum ɗaya, Ɗantsoho bakanike, mai gareji a gindin dalbejiya bayan tasha. A can direbobin da motocinsu suka mace ke yini a kan benci, ana ɓarar gyaɗa ana yi wa juna ƙarya. Amma dattijo irin Gudaji ba ya zuwa wurin sana'ar wani ya ce hira ta kawo shi. Sai da dalili.

Wata Laraba ya tsaya a bakin garejin, ya kashe mota, ya haɗe fuska.

"Injiniya, akwai wata ƙara."

Ɗantsoho ya fito yana goge hannu. "Wace iri?"

"Wani ƙis-ƙis. Daga ƙasa."

"Gaba ko baya?"

"Yawo take yi."

Ɗantsoho ya sa aka tayar, ya kara kunnensa a jikin bonet, ya shiga ƙarƙashi, ya fito. Ya dubi Gudaji, Gudaji ya dubi dalbejiya.

"Na ji ta," in ji Ɗantsoho. "Muguwa ce. Irinta sai injin ya huce sarai. Zauna, tsohon banza, kada ka tsaya mini a ka."

Injin bai huce ba sai bayan la'asar. Kafin nan sun tono wanda ya faɗa rijiya a bikin wa, da wanda ya gudu ranar kaciya aka kamo shi a gonar dawa. Da Gudaji zai tafi, Ɗantsoho ya ɗan ƙwanƙwasa salansar motar da sifana, ya ce, "Na lallaɓa ta. Amma za ta dawo."

Ta kuwa dawo, kowace Laraba. Shekaru aka yi ana neman ƙarar nan. Direbobi har suna ba da shawara, wani ya ce sifirin ne, wani ya ce aljani ne ya biyo su daga Damagaram. Gudaji ya ce haba, aljani ai da ya biya kuɗin mota. Ba wanda ya taɓa jin ƙarar da kunnensa, ba kuma wanda ya taɓa cewa bai ji ba.

Sai yanar ido ta rufe wa Ɗantsoho gani. Da farko yana lalube da hannu, daga baya ɗansa ya zo ya tafi da shi Kano, wai asibiti, wai kuma ya huta. Garejin ya koma hannun Manu, magidanci mai hanzari wanda ya koyo aiki a Kaduna, ba ya cuta, ba ya ɓata wa kowa lokaci.

Laraba ta zagayo, Gudaji ya tsaya inda ya saba.

"Akwai wata ƙara."

Manu ya saurara, ya leƙa, ya girgiza taya. Ya yi murmushi.

"Baba, wannan ta fi ni lafiya. Wallahi ko sabuwa albarka. Je ka abinka."

Benci na nan, akwai ma wuri a ƙarshensa. Samarin direbobi ne a kai, suna gardamar ƙwallo. Ɗaya ya ɗaga hannu ya ce, "Sannu Baba." Gudaji ya amsa, ya hau mota, ta tashi bugu ɗaya kamar mai jin daɗin abin da aka faɗa.

Ya yi makonni bai bi ta bayan tasha ba. Ranar Laraba sai ya wanke motar da ba ta yi datti ba, ya zauna a inuwarta har rana ta kore shi.

Wata safiya ya ɗauki sifana ya kwanta a ƙarƙashinta. Tun da ya mallake ta bai taɓa murɗa mata noti ba sai don ya ɗaure. Ya daɗe yana kallon wanda ke riƙe da salansa. Ya ce, "Ki yi haƙuri," ya sassauta shi. Da ya hau hanya sai ga ƙara ta gaske, ƙwal-ƙwal-ƙwal, har mata masu tallan fura suna waiwaye. Kunya ta kama shi, daɗi kuma ya kama shi, bai san wanda ya fi ba.

Tun daga nesa Manu ya jiyo ta. Kafin Gudaji ya gama sauko da ƙafarsa ta biyu, ya riga ya shige ƙarƙashi ya fito.

"Noti ne kawai, Baba. Na ɗaure. Bar shi, ba komai. Allah ya kiyaye hanya."

Gudaji bai ko kashe injin ba.

Har yau yana kan hanyarsa. Kiya-kiya sun kwashe fasinjan kwalta, sun bar masa yashi, yashi kuwa ba ya ƙarewa. Kwanan baya mai ba ku wannan labari ya bi shi zuwa Sule Tankarkar. Da aka tsaya rage iska a gindin wata tsamiya, ya durƙusa kusa da shi ya zuba wa motar kirari, ya ce irinta ko Makka sai ta je ta dawo ba ta yi tari ba. Sannan ya ce, "Baba, Kano fa ga ta nan. An ce Baba Ɗantsoho yana Fagge, kullum a ƙofar gida shi kaɗai. Ka buga ta ka je ka gaishe shi mana."

Gudaji ya ci gaba da danna bakin taya da tsinke, iska na fita. Bai ɗago ba.

"In je in ce masa me ya lalace?"