Sunan Baba a Kundin Mama

Wata Asabar a daminar 2008, muna tsakar gidanmu a Bosso muna wasan carafke, kwanukan da aka sa ni wankewa suna jibge a bakin rijiya, sai Mama ta shigo da kundin digirinta na biyu, fuskarta a murtuke. Malamin da ke duba aikin ya dawo mata da shi cike da jan biro. Ranar Litinin za a rufe karɓa, in ta wuce kuwa sai baɗi.

Maƙwabciyarmu Anti Rahila, 'yar Kafanchan, ita ta saka wa Mama wata manhaja a kwamfuta tun farkon shekara. Kamar rumbu take, kowane littafi sau ɗaya ake shigar da shi, da gurbin sunan marubuci, da na shekara, da na take. Duk inda Mama ta ambaci littafi a kundin, daga rumbun nan ake ɗauko bayaninsa. Matsalar ita ce Baba malamin jami'a ne, Mama ta dogara da bincikensa sosai, ita kuwa tun da aka ɗaura musu aure sunansa bai taɓa fita daga bakinta ba. Da ta zo gurbin marubuci sai ta rubuta "Maigida", wai za ta gyara daga baya. Manhaja kuwa ba ta san kunya ba, ta bi shafi-shafi ta baza shi, har malamin ya tambaya a gefe ko wane masani ne wannan.

Da aka kira Anti Rahila ta gani, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce da Hausarta ta Kafanchan: "Madam, ba sai ka bi shafi duka ba. Gyara wuri ɗaya, sauran zai bi."

Na ce a bar ni in rubuta, don na iya. Mama ta ture hannuna. Ta zauna, ta gyara ɗankwali, ta danna haruffan da yatsa ɗaya tana kallon bango. Nan take sunan Baba ya bayyana ko'ina a kundin, ranar Litinin kuma aka karɓa.

Yau da irin wannan manhaja nake aiki, ɗalibaina mata suna kiran mazajensu da suna a gabana ba ko gezau, ban kuma ga laifinsu ba. Amma ina kewar tsakar gidan nan. Baba ya rasu, har yanzu kuma ban ji Mama ta faɗi sunansa ba.