Tsohuwa da Yaro Sarkin Rum

A kasuwar tsofaffin kuɗi ta birnin Osaka na ƙasar Japan, Kuramochi mai shago yana kallon wata baƙuwar tsohuwa mai malafa da kaushin hannu. Ta toshe baki da hankici kada numfashinta ya taɓa kwandalar zinariyar da ke gabanta, mai hoton wani yaro da ya mulki daular Rum. Ƙila manomiya ce da ta daɗe tana neman kwandalar.

Sai wani attajiri ya miƙo hannu ta bayanta zai ɗauki kwandalar. "Kaka, in kallo kika zo, matsa."

"Kai, bi layi!" Ta aza katin sunanta kan farantin da kwandalar ke ciki, alamar ita za ta saye ta. Sannan ta rusuna wa yaron da ke jikin kwandalar. "Ka sha hanya, ɗan nan. Taso mu tafi gida."